Yadda Za Ka Ji Sautin Wayarka Ta Tsohon Rediyon Mota

Yawancin motocin da ke kan titunanmu an ƙera su ne tun kafin waya ta zama rumbun waƙa da karatu. Golf 3, Peugeot 406, Camry da ake ce wa Pencil ko Big Daddy, Accord daga ta 1998 zuwa ta 2007, Sharon da Sienna na tasha, duk rediyonsu kaset ya sani, ko faifan CD, ko duka biyun. Mai mota kuwa abin da yake son ji na cikin waya, ko katin memori, ko ƙaramar na'urar MP3. Haɗa su abu ne mai yiwuwa, kuma galibi ba sai an ɓalle rediyon da motar ta zo da shi ba. Hasali ma ɓalle shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, domin rediyon asali na Toyota ko Honda ya fi yawancin masu arhar da ake sawa a madadinsa ƙarko da kama tasha.

Hanyoyin ba ɗaya suke ba wajen tsabtar sauti. Wanda ya shiga rediyo kai tsaye ta kebul shi ne kan gaba. Wanda ya bi ta kaset na biye da shi. Wanda aka watsa a iska ta zangon FM shi ne kurar baya, ko da yake shi ya fi sauƙin haɗawa, shi kuma ya cika kasuwa. Don haka kada ka sayi komai sai ka san wace ƙofa rediyonka yake da ita.

Fara da binciken rediyon

Murɗa makulli, kunna rediyo, kama tasha mai ƙarfi. Shiga wurin daidaita sauti, ka kai BAL hagu da dama, FAD gaba da baya, ka saurari kowace sifika ita kaɗai. Aikin minti biyu ne, amma zai hana ka ɗora wa sabuwar na'ura laifin sifikar da ta riga ta yage. Wadda ke karkarwa a tashar rediyo, haka za ta yi da sautin waya.

Sai ka karanta abin da ke rubuce a kan maɓallai. In akwai AUX, wato ƙofar shigar da sauti daga waje ta kebul, nemi ɗan raminsa. Ba lalle ya kasance a fuskar rediyo ba. Yakan ɓuya a akwatin da ake ɗora hannu tsakanin kujerun gaba, ko kusa da ramin laita, ko cikin durowar gaban fasinja. Camry daga 2007 da Accord daga 2008 suna zuwa da shi, kuma da yawan masu su ba su taɓa lura ba. In babu AUX, duba ko akwai maɓallin da aka rubuta DISC ko CHG, ko maɓallin CD a rediyon da ba shi da bakin saka faifai. Wannan alama ce cewa a bayan rediyon akwai ramin da aka tanada don akwatin faifai shida, kuma wannan ramin yana da daraja ƙwarai, za mu zo kansa. In akwai wurin kaset, samo tsohon kaset ka gwada, ka ga ko yana karɓa yana juya shi.

Kafin a taɓa batir ko a zare rediyo, ka tabbata kana da lambar sirrinsa. Rediyon Honda da yawa in wuta ta yanke masa sai ya rubuta CODE ya ƙi aiki, na Volkswagen kuma ya rubuta SAFE. Lambar takan kasance a ɗan kati cikin littafin mota, ko a takarda manne a durowa. Kada ka yi ta canki-canka, domin bayan 'yan kurakurai rediyon zai kulle, sai an bar shi a kunne kamar awa ɗaya kafin ya sake karɓar lamba.

Idan akwai AUX

Abin da kake buƙata kebul ne mai kai biyu na milimita 3.5, irin kan iyafis. Duba kan da kyau: wanda ya dace yana da baƙaƙen zobba biyu. Mai zobba uku an yi shi ne don ya ɗauki makirfo ma, kuma a wasu ramukan ba ya zama daidai, sai ka ji kiɗa na fita amma muryar mai waƙa ta yi nisa kamar daga wani ɗaki. Tsawon mita ɗaya ya isa. Dogon kebul sai ya naɗe a giya, kuma nan da nan yake tsinkewa daga ciki.

Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da ramin iyafis. iPhone ta daina zuwa da shi tun daga iPhone 7 a 2016, manyan Samsung na baya-bayan nan ma haka. Ga irin waɗannan sai an haɗa da ɗan guntun kebul mai kan USB-C ko Lightning. A nan ake yawan asarar kuɗi: akwai mai ɗan guntun lantarki a ciki da ke mayar da bayanan waya su zama sauti, ana rubuta DAC a kwalinsa, akwai kuma wanda zaren waya ne zalla a ciki. Na biyun ba ya aiki a wayoyi da yawa. Gwada shi da wayarka a gaban mai shago, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kake ko a ina.

Daidaita ƙarfin sauti haka: rage na rediyo ƙasa, kai na waya wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari, kashe duk wani ƙarin bes da ke cikin wayar, sannan ka riƙa ɗagawa da ragewa daga rediyo. In sautin waya ya yi ƙasa, dole ka ƙure rediyo, shi kuma zai ɗago har da shuu ɗin da ke cikin layin. In ka ƙure waya, sautin kan fashe tun kafin ya isa rediyo, kuma babu maɓallin da zai gyara shi daga baya. Wannan ƙa'ida tana aiki a duk hanyoyin da ke tafe.

Mai son Bluetooth zai iya soka ƙaramar na'urar karɓarsa a ramin AUX ɗin, shi ke nan.

Kaset mai kebul

Mutane na raina wannan hanya, alhali ta fi FM tsabta nesa ba kusa ba. Siffarsa ta kaset ce, amma babu zare a ciki. A inda zare yake wucewa an sa ɗan ƙarfe irin wanda ke karanta sauti a cikin tef, wanda masu gyara ke kira hed. In ka tura shi, nasa hed ɗin ya fuskanci na rediyo, sautin waya ya tsallaka ta maganaɗisu. Tunda babu zaren da ake ja, ko tef ɗin da ke jan murya yana lanƙwasa waƙa zai ba da sauti daidai ta wannan hanya, muddin dai ya yarda ya riƙe kaset ɗin.

Kafin ka saka, wanke hed ɗin rediyo. Ƙurar hunturu ta shekaru da dattin tsofaffin kaset sun daskare a kansa, kuma su ne ke sa sauti ya dushe. Kashe rediyo, tura murfin bakin kaset da yatsa, haska tocila. Za ka ga ƙarfe mai santsi a gefe. Jiƙa tsinken goge kunne da sifirit na kemis, matse shi kada ya ɗiga, goge a hankali, canza tsinke har sai audugar ta daina fitowa da launin ƙasa. Goge robar da ke kusa da shi ma. Bari ya bushe minti biyar. Kada a yi amfani da fetur ko turare. Fetur na cin roba, turare na barin maiƙo.

Duba ta gefen da kebul ya fito. Yawancin rediyon mota a kwance suke karɓar kaset, ta gefensa, don haka kebul ya fito ta ƙarshen da ke kallonka. Wasu an yi musu 'yar hanya da za ka zagaya da kebul ɗin zuwa ɗaya gefen. In ka tura shi kebul na ciki, zai maƙale.

Bayan ya fara juyawa, kashe Dolby, kashe MTL ko CrO2 in akwai. An yi su ne don zaren gaske, a nan kuwa sai su danne siririn sauti. Sannan danna maɓallin juya gefe, wanda ake rubuta wa PROG ko a zana masa kibiyoyi biyu, ka saurari gefen biyu. Kusan kullum ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi da tsabta, domin a nan ne hed biyun suka yi daidai. In sifikun gefe ɗaya kaɗai ke magana, fitar da shi ka sake turawa kafin ka zargi kebul.

Babbar matsalarsa ita ce rediyo ya riƙa juya gefe ƙwas, ƙwas, ko ya tofo shi waje. Dalili kuwa, rediyo na lura da sandunan nan biyu da ke juya kaset. In ɗaya ta tsaya sai ya ɗauka zare ya ƙare. A cikin kaset mai kebul akwai ƙananan tayoyi masu haƙora da wata 'yar tayar roba, aikinsu su sa sandunan su ci gaba da juyawa. In robar ta yi santsi ko haƙoran sun cije, rediyo ya ga tsayawa. Kwance ƙananan sukurorin, ɗaga murfin a hankali, ɗauki hoton yadda tayoyin suke zaune kafin ka taɓa komai. Goge robar da sifirit, ɗiga ɗan man silikon kaɗan a kan sandar kowace taya, ban da robar. Baƙin mai ba na nan ba ne, ƙura yake tarawa. Wasu kan cire tayoyin gaba ɗaya. Hakan na yi a rediyon da ke lura da sanda ɗaya tak, amma a mai lura da duka biyun sai abin ya ƙara lalacewa, shi ya sa hoton nan ke da amfani.

In kuwa kana jin ɗan injin tef na kuka amma ko kaset na gaske ba ya juyawa, bel ɗin ciki ne ya narke ko ya saki saboda zafi da tsufa. Mai gyaran rediyo zai canza shi.

Akwai irinsa mai Bluetooth marar kebul, da ɗan batir a ciki. Yana aiki, sai dai kada a bar shi cikin motar da ke rufe a rana, domin zafi na kumbura irin wannan batir.

Na'urar FM ta ramin laita

Ita ce wadda aka fi sani: a soka ta a ramin laita, ta karɓi sauti ta Bluetooth ko filashi ko memori, ta watsa shi a matsayin ƙaramar tashar rediyo, rediyon mota ya kama. Tana aiki da kowace mota mai FM. Sai dai ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, da gangan. A Turai doka ta tsaida shi a nanowat 50. Kusa da tashar gaske, kamar mai raɗa take a gefen mai shela da lasifika. Duk dabarar amfani da ita tana wajen samo mata wurin da babu kowa.

Ga yadda ake yi, kuma jerin na da muhimmanci:

1. Tada injin, amma kada ka soka na'urar tukuna.
2. Bi zangon FM da hannu, mataki-mataki, ba da maɓallin da ke nemo tasha da kansa ba. Zangon daga 87.5 yake zuwa 108.
3. Nemi mitar da shuu kawai ake ji, babu ko burbushin magana, kuma maƙwabtanta na sama da na ƙasa su ma shiru. Bar tazarar aƙalla 0.4 tsakaninka da tasha mai ƙarfi. A Kano, misali, Freedom Radio na kan 99.5, don haka 99.3 da 99.7 ba wurin zama ba ne ko da sun yi kamar babu kowa. Farkon zango da ƙarshensa sun fi yawan samun fili.
4. Adana mitar a ɗaya daga maɓallan lamba na rediyo.
5. Yanzu soka na'urar, ka kai ta kan wannan mita daidai. In sun haɗu, shuu ɗin zai ɗauke ɗif tun ba ka kunna komai ba. In bai ɗauke sosai ba, canza mita.
6. Haɗa waya, ɗaga sautinta da na na'urar har ka fara jin harafin "s" na tsatsa, sai ka ɗan rage.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka rediyonsu na tsallake-tsallake ne da 0.2, a kan lambobin mara kawai: 88.1, 88.3, 88.5. Ba zai taɓa tsayawa a 88.0 ko 88.2 ba. In ka sa na'ura a 88.0 ka ji sauti na fita da ƙura a 88.1, ba lalacewa ta yi ba, mitar ce ba ta dace ba. Na Turai ba su da wannan matsala. Rediyon da aka yi don kasuwar cikin Japan kuwa tsohon zangonsa 76 zuwa 90 ne, sai ka nemi wuri tsakanin 87.5 da 90.

Mitar da ke shiru a Zariya ba lalle ta yi shiru a Kaduna ko Abuja ba. Mai doguwar tafiya ya tanadi biyu ko uku a maɓallan rediyo, in ɗaya ta fara cakuɗewa ya tsaya ya koma wata. In eriyar motarka irin ta sanda ce da ake ja da hannu, tura ta ƙasa. Tashoshin waje za su raunana, na'urarka ta samu sarari. Motocin da eriyarsu ke cikin gilashin baya, kamar Accord da Camry da yawa, sun fi wahalar da ita, saboda nisa.

Shi kansa ramin laita yana da nasa halin. In na'ura na ɗaukewa a kan gargada, ramin ya saki ne ko ya yi tsatsa: cire makulli, goge cikinsa, ɗan buɗa ƙarafan gefen na'urar su kama. In ba ta kawo wuta sam, duba fiyus na ramin a akwatin fiyus, galibi amfiya 10 ko 15 ne, an rubuta CIG ko an zana sigari. Mayar da mai lamba iri ɗaya. Ɗaure fiyus da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, hanyar gobara ce. Sannan zare makulli ka duba ko fitilar na'urar ta mutu. A Toyota da Honda takan mutu, amma a wasu motocin Turai da Amurka ramin na da wuta dare da rana, kuma in mota ta kwana biyu a ajiye da na'ura a soke, batir mai rauni zai iya kasa tashi. Direbobin DAF da MAN su tabbata an rubuta 12 zuwa 24V a jikinta, domin wutar motarsu 24 ce.

Ramin bayan rediyo

Ga mai son sauti irin na CD ba tare da ya canza fuskar motarsa ba, wannan ce hanya. Ana sayar da ɗan akwati da ake sokawa a ramin akwatin faifai, ya yi wa rediyo kamar shi ne akwatin, alhali sautin daga filashi ko AUX ko Bluetooth yake zuwa. Yatour da GROM na cikin sanannun masu yin sa. Maɓallan gaba da baya na rediyo, har da na kan sitiyari, sukan ci gaba da aiki.

Ramin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har a kamfani ɗaya. Toyota na da tsohon mai ƙafa 5 da 7, da na baya mai ƙafa 6 da 6. Na Honda ana kiransu 2.3 da 2.4. Volkswagen na da mai ƙafa 8 da mai 12. Peugeot na da rediyon RD3 da RD4, kuma RD4 sau da yawa sai an buɗe masa hanyar da kwamfutar gwajin mota kafin ya gane an haɗa wani abu. Saboda haka shekarar mota kaɗai ba ta isa ba, balle ma ana yawan canza rediyo kafin mota ta iso hannunka. Zaro rediyon, ɗauki hoton bayansa, ƙirga ƙafafun ramin da babu komai a ciki, rubuta lambar da ke jikinsa, sannan ka tafi saye.

Wajen zarowa, motocin Japan sai an ɓalle robar da ta kewaye rediyo. Yi amfani da abin ɓallewa na roba, ko sukundireba da aka naɗe bakinta da tsumma, ka fara daga ƙasa, a hankali, domin robar da ta sha rana tana karyewa kamar ba komai. A bayanta akwai ƙusoshi huɗu, galibi lamba 8 ko 10. Na Turai kuma da 'yan makullai na musamman ake zaro su, waɗanda ake turawa a ƙananan ramukan fuskar rediyo. Masu rewaya na da su. Soka kebul ɗin, in yana da baƙar waya guda a sake ɗaure ta a jikin ƙarfen rediyo, bi da akwatin zuwa durowa, ka gwada kafin ka mayar da komai. In motar na da akwatin faifai a but, sai an cire nasa kebul, ba sa aiki tare.

Hattara da kebul mai arha da ke da kan ramin a gefe ɗaya da kan iyafis a ɗaya gefen, babu akwati a tsakani. Rediyo da yawa ba sa buɗe wannan ƙofa sai sun ji akwatin faifai ya amsa musu, don haka za ka danna DISC ka ga ko motsi. A irin na Yatour kuma, a filashi sai an sa waƙoƙi cikin jakunkuna masu suna CD01, CD02 haka, kowace kada ta wuce 99, domin rediyon a tunaninsa faifai yake karantawa.

In babu kaset, babu wannan rami, akwai wata na'urar FM da ake sawa a ɓoye tsakanin kebul ɗin eriya da rediyo. Sautinta ta kebul yake shiga, kuma in an kunna ta takan yanke eriyar waje, don haka tashoshi ba sa kutsowa. Tana buƙatar wutar makulli da at, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, aikin mai rewaya ne na ɗan lokaci.

Kukan da ke bin totur

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wani siririn kuka, wiii, da ke tashi in an taka totur ya sauka in an saki. Gwajinsa ɗaya ne: zare cajar waya. In ya ɗauke, dalilin shi ne waya ta haɗu da jikin mota ta hanya biyu, ta caja da ta kebul ɗin sauti, sai 'yar wutar da ke zagayawa tsakaninsu ta kwaso kukan altaneta. Magani uku ne: kada a yi caji ana sauraro, ko a yi caji daga fawa bank, ko a sa ɗan abin tace ƙara mai kan iyafis gaba da baya a tsakiyar kebul ɗin AUX. A cikinsa 'yan ƙananan taransifoma ne da ke barin sauti ya wuce ba tare da wayoyin sun haɗu ba. Masu arha sosai sukan rage bes. Caja marar kyau ma tana watsa ƙara a zangon FM, canza ta kawai kan warware matsala.

In kukan bai tafi ba, har a tashar rediyo ana jin sa, to daga motar ne. A duba kan batir ko ya yi gishiri, a duba wayar at daga batir zuwa bodi da ta bayan rediyo. A gwada wuta injin na aiki, ya kamata ta tsaya wajen 13.8 zuwa 14.4V. Altaneta mai mataccen dayod na yin wannan kuka tun kafin ta daina caji. Ƙarar tas-tas-tas mai bin injin kuma daga fulogi ko wayoyinsu take. Wadda ke zuwa in an taɓa kebul, ko dai ya tsinke a wuya, ko ƙura ta cika ramin waya. Kashe wayar ka sakace shi da tsinken sakace.

Abin da ke cikin filashi

Sau da yawa na'ura lafiyarta ƙalau, filashin ne ba ta iya karantawa. Yawancinsu FAT32 suka sani, kuma ba sa son abin da ya wuce 32GB. Manyan filashi da exFAT suke zuwa, sai a ga an rubuta babu komai. Kwashe abin da ke ciki, yi masa fomat zuwa FAT32 a kwamfuta. Ba ka ma buƙatar babba: MP3 mai ingancin 128kbps na cin kusan 1MB a minti, 8GB zai ɗauki sama da awa 120.

Karatu da wa'azin da ake turowa ta WhatsApp galibi ba MP3 ba ne, opus ne ko m4a, kuma ƙananan na'urori kan tsallake su. Canza sunan fayil ba ya mayar da shi MP3, sai an juya shi da manhaja. In ta Bluetooth ko AUX kake ji, wannan bai shafe ka ba, tunda waya ce ke karantawa.

Masu sauraron Alƙur'ani ko tafsiri a jere sukan tarar surori sun hargitse. Na'urori da yawa suna bin jerin da aka kwafa fayiloli ne, ba jerin suna ba. Sa musu lamba 001, 002 har 114, yi wa filashin fomat, ka jera su da suna a kwamfuta, ka kwafa su lokaci guda. Shirya abin da za ka ji tun kana tsaye; latsa waya ana tuƙi laifi ne da jami'an FRSC ke kamawa a kai, kuma haɗarinsa ya fi tarar.

In dole sai an canza rediyon

Girman rami iri biyu ne: faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko faɗin 180 da tsayin 100. Auna naka. Accord ta 2003 zuwa 2007 sai an kula, domin rediyonta a haɗe yake da maɓallan AC. Akan bar shi a wurinsa a sa sabon a aljihun da ke ƙasa. Motar da ke da rubutun JBL ko Bose a sifika tana da amfilifaya a ɓoye, sai da kebul na musamman ko a zagaye ta. Rubutun 50W sau huɗu a kwali kuwa kada ya ruɗe ka, ƙarfin gaske bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba.

Nemi soket ɗin haɗi da ya dace da motarka, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko wurin masu rewaya, maimakon a yanke wayoyin mota. Cire kan batir na negetif da sifana lamba 10 kafin a fara. A gefen sabon rediyo launukan sanannu ne: rawaya wutar batir ta kullum, ja wutar makulli, baƙa at, shuɗiya ta eriya ko amfilifaya, ruwan lemo ta hasken dare. Sifiku: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai baƙin layi a kowane biyu ita ce negetif. Launukan gefen mota ba haka suke ba, a gwada su da na'urar gwajin wuta. Duk wayar da ke cikin rigar rawaya mai soket rawaya ta jakar iska ce, ba a taɓa ta.

Kada a haɗa negetif na sifika da bodi ko da na wata sifika, yana ƙona sabon rediyo. Don gane wace waya ke zuwa wace sifika, taɓa biyun da ƙaramin batir na 1.5V na ɗan lokaci, za ka ji ƙwas daga inda take. In aka juya wayoyin sifika ɗaya, sauti zai fita amma bes ya ɓace. A haɗa da dalma ko maƙalin matsewa. Murɗawa da naɗa baƙin tef kaɗai na saki in zafi ya narkar da gam ɗin.

In bayan an gama rediyo na manta tashoshi da agogo duk lokacin da aka kashe mota, ja da rawaya ne suka sauya wuri. Wannan ya zama ruwan dare a Volkswagen da Opel, shi ya sa soket da yawa ke zuwa da mahaɗi a kan waɗannan wayoyi biyu, a zare a musanya su kawai. Gwada kowace sifika, gwada kashewa da kunnawa, gwada fitilun dashbod da AC, sannan a ɗaure. Tsohon rediyon kuma a rubuta lambar sirrinsa a jikinsa a adana shi a leda, domin mai sayen mota yakan tambaye shi.